Kumburi a cikin ƙwaƙwalwa da ciwon mantuwa na tsofaffi

A kusan kowane gari akwai tsoho ko tsohuwa da ake cewa ya ruɗe. Yakan maimaita tambaya ɗaya sau goma a wuni. Yakan ɓace a hanyar masallacin da ya yi shekara 40 yana zuwa, wata rana ma ya dubi ɗan cikinsa ya ɗauke shi baƙo. Wasu sukan ce tsufa ne kawai, wasu su ce iska ce ko sammu. A wurin likitoci wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ana kiran shi ciwon mantuwa. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke fama da shi a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna zaune ne a ƙasashe matalauta ko masu matsakaicin ƙarfi. Saboda haka kada ku ɗauka ciwon Turawa ne.

A cikin irin wannan ciwo ƙwaƙwalwa tana lalacewa ne sannu a hankali, shekara bayan shekara. Dalilansa suna da yawa. Wannan shafi zai bayyana muku guda ɗaya daga cikinsu, wanda masana suka daɗe ba su ba shi muhimmanci ba, wato kumburi.

Mine ne kumburi?

Ku tuna lokacin da ƙaya ta soke ku a ƙafa. Wurin yakan yi ja, ya yi zafi, ya tasa, ya riƙa ciwo. Waɗannan alamomi huɗu an san su tun zamanin Rumawa, kusan shekara 2000 da suka wuce. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, hanyoyin jini na wurin suna buɗewa, fararen ƙwayoyin jini su fito su afka wa ƙwayoyin cutar da ƙayar ta shigo da su, su cinye su. Mugunyar da kuke matsewa, yawancinta gawarwakin waɗannan fararen ƙwayoyi ne da suka mutu a bakin aiki. Bayan ƴan kwanaki jiki ya ba da umurnin tsayawa, wurin ya saɓe, fata ta haɗe.

Ke nan kumburi ba abokin gaba ba ne, aikin garkuwar jiki ne. Ya yi kama da wutar da manomi ke sa wa tarin ƙaya da kara a lokacin sharar gona: tana da amfani muddin ta ci abin da aka nufa ta mutu. In ta ƙi mutuwa, ta yi ta ci a ɓoye, wata rana sai ta kai ga rumbu. Likitoci suna kiran wannan kumburi mai daɗewa. Ku lura, idan suka ce kumburi ba lalle ne a ga wuri ya tasa ba. Ana iya samun shi can cikin jiki, ba ja, ba zazzaɓi, mutum bai ma sani ba.

Mazauna cikin ƙwaƙwalwa

Kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, haka aka gina jikin mutum da wasu ƴan ƙananan abubuwa masu rai da ake kira ƙwayoyin halitta. Ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Waɗanda ke aikin tunani da tuni da motsa gaɓoɓi su ne ƙwayoyin jijiya, kuma a cikin ƙwaƙwalwar mutum guda akwai su wajen miliyar 86, wato miliyan dubu 86. Kowace ɗaya tana da rassa kamar itaciya, tana taɓa dubban ƴan uwanta. Wurin da reshen wannan ya sadu da na waccan shi ake kira mahaɗa, ta nan saƙo ke wucewa. Duk abin da kuka koya, ko sunan jikanku ne, ko hanyar kasuwa, ko baƙaƙen da kuke karantawa yanzu, a cikin waɗannan mahaɗai yake ajiye.

Akwai wani abu guda da ya bambanta su da sauran jiki. Idan fata ta yanke, sababbin ƙwayoyi sukan maye gurbin waɗanda suka mutu. Ƙwayar jijiya kuwa, in ta mutu, galibi ba a samun madadinta.

Don haka ƙwaƙwalwa take da tsaro na musamman. Bangon hanyoyin jininta matsattse ne ƙwarai, yana hana yawancin ƙwayoyin cuta da guba shiga, har fararen ƙwayoyin jini ma ba su wucewa yadda suka ga dama. A maimakonsu tana da nata masu gadi na cikin gida. Wani likita ɗan ƙasar Sifaniya, Piyo del Riyo Ortega, shi ya bayyana su a shekarar 1919, ya sa musu suna mikrogiliya. A nan za mu kira su ƴan sintiri. Su ne wajen ɗaya cikin 10 na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

An daɗe ana zaton ƴan sintiri barci suke yi sai in ciwo ya zo. A shekarar 2005 masu bincike suka samu hanyar leƙa ƙwaƙwalwar ɓera mai rai, sai suka ga ashe ba su hutawa: dare da rana suna miƙa siraran hannuwansu suna janyewa, suna laluben kowane lungu. Suna kwashe gawar ƙwayar da ta mutu, suna share datti, suna kashe ƙwayoyin cuta. Suna kuma yin wani aiki da manoman Maraɗi da Damagaram za su gane nan take. A sassaben zamani, manomi yakan dubi tohon da ya fito daga kututture, ya bar rassa masu ƙarfi, ya datse raunana don waɗanda aka bari su girma. Haka ƴan sintiri ke yi wa mahaɗai tun mutum yana yaro: wadda ba a amfani da ita su datse ta, mai aiki su bar ta.

Kusa da su akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro. Aikinsu ciyar da ƙwayoyin jijiya, da kula da mahaɗai, da taimaka wa bangon nan na hanyoyin jini. Ku riƙe su a zuci, za mu dawo kansu.

Yadda mai gadi ke zama mai ɓarna

A shekarar 1901 aka kawo wata mace mai shekara 51 gidan masu taɓin hankali na birnin Faranfot, a ƙasar Jamus. Ta manta abubuwa da yawa, ko rubuta sunanta ba ta iya kammalawa. Likitan da ya duba ta shi ne Aloyis Alzaima. Da ta rasu a 1906, ya bincika ƙwaƙwalwarta da madubi, ya ga abubuwa biyu da ba su kamata ba: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Ciwon ya ɗauki sunansa. A yau ciwon Alzaima shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na dukkan ciwon mantuwa.

Daga baya aka gano cewa dunƙulen wani sinadari ne mai danƙo da ake kira amiloyid, zaruruwan kuma wani ne da ake kira tawu. Kowa yana da su a jikinsa. Matsalar tana farawa ne idan suka sauya siffa suka soma manne wa juna. Amiloyid yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alamar mantuwa ta farko.

To ina ƴan sintiri a duk tsawon wannan lokaci? Suna nan, suna aiki. Da zarar sun ji amiloyid sai su kewaye shi, su ci wanda za su iya ci, sauran su matse shi wuri ɗaya don kada ya bazu. Suna kuma fitar da wasu sinadarai da ake kira sitokin, waɗanda suke kamar gangar gayya, masu kiran ƴan uwa su kawo ɗauki. A farkon ciwo wannan aiki kariya ne. Sai dai ƙayar ƙafa akan cire ta a huta, shi kuwa amiloyid kullum ƙaruwa yake. Gangar ba ta yin shiru. Ƴan sintirin da suka shekara goma cikin yaƙi sukan sauya hali: sharar ta ragu, faɗan ya ƙaru.

Daga nan ɓarna take bin hanyoyi da dama. Ta farko ita ce datse mahaɗai. Jiki yana da wata alama da yake shafa wa mahaɗar da za a cire, kamar yadda ake sa wa dabbar da za a kai kasuwa shaida. A shekarar 2016 masu bincike a birnin Boston na Amurka suka nuna, a jikin ɓeraye masu irin wannan ciwo, cewa alamar tana yawaita tun da wuri, har kan mahaɗai lafiyayyu, ƴan sintiri kuma su bi su cinye. Da aka toshe alamar, mahaɗan suka tsira. Wannan yana da muhimmanci, domin an daɗe da sanin cewa yawan mahaɗan da mutum ya rasa ya fi yawan dunƙulen amiloyid nuna tsananin mantuwarsa.

Hanya ta biyu ta shafi ƙwayoyin nan masu siffar tauraro. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa sinadarai uku da ƴan sintiri ke fitarwa idan sun fusata suna juya halin masu tauraro: su daina ciyarwa, su koma fitar da abin da ke kashe ƙwayar jijiya. Ban da wannan, ƴan sintiri suna da wata guba da suke ƙona ƙwayoyin cuta da ita, kuma gubar ba ta bambanta baƙo da ɗan gida. Kumburin yana kuma ƙara wa tawu saurin cukurkuɗewa. Ƙwayar jijiyar da ta mutu kuwa takan fashe, abin cikinta ya zube, wannan ya sake tayar da wasu ƴan sintiri. Ciwo ya jawo kumburi, kumburi ya ƙara ciwo, abin ya yi ta zagayawa.

Wani zai ce, ganin masu kashe gobara a wurin gobara ba ya nuna su suka tayar da ita. Tambaya ce mai kyau, masana da kansu sun shekara da shekaru suna gardama a kanta. Abin da ya karkatar da gardamar shi ne binciken gado. A shekarar 2013 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a tsibirin Aisilan, suka gano cewa mutanen da suka gaji wani ɗan sauyi a ƙwayar gadon da ake kira TREM2 sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da ciwon Alzaima wajen sau 3. A cikin ƙwaƙwalwa, ƴan sintiri ne ke aiki da wannan ƙwayar gado, ita ce kamar hancin da suke sansano amiloyid da shi. Tun daga lokacin an gano gomman ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon, kuma da yawansu na ƴan sintiri ne. Abin da mutum ya zo da shi tun haihuwa ba zai zama sakamakon ciwon tsufa ba. Ku kuma lura da wani abu: wancan sauyi raunana ƴan sintiri yake yi, ba ƙara musu ƙarfi ba. Wato in sun yi sanyi ɓarna ce, in sun wuce gona da iri ma ɓarna ce.

Ciwon karkarwa

Akwai wani ciwo ɗan uwan wannan, wanda likitan birnin Landan Jems Parkinson ya bayyana a 1817. Mai shi hannunsa yakan yi karkarwa ko yana zaune, jiki ya sandare, tafiya ta zama ƴan gajerun taku. A nan ƙwayoyin da ke mutuwa suna wani ɗan wuri baƙi-baƙi ne a can ƙasan ƙwaƙwalwa, su ne ke yin sinadarin dofamin mai sauƙaƙa motsi. A 1988 masu bincike a Kanada suka tarar da fusatattun ƴan sintiri cunkushe a daidai wannan wuri, a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ciwon. OMS ta ce a 2019 masu shi sun haura miliyan 8 da rabi. Akwai magani mai suna lebodofa da ke rage karkarwa da sandarewa ƙwarai, ko da yake ba ya tsayar da mutuwar ƙwayoyin. Wanda ke da waɗannan alamomi ya cancanci ganin likita.

Ciwon jiki yana kai wa ƙwaƙwalwa

Bangon da ke tsare ƙwaƙwalwa ba ya hana ta jin labarin abin da ke faruwa a jiki. Idan kuna zazzaɓi kukan ji kasala, barci, da ƙin abinci. Gangar sitokin ce ta jiki ta isa can sama. A wurin matashi wannan yakan wuce. A wurin tsohon da ƴan sintirinsa suka riga suka fusata, ƙaramin ciwo yakan tayar da babban kumburi. A 2009 likitoci a Ingila suka bi masu ciwon Alzaima 300 har wata 6. Waɗanda suka yi wani ciwo mai tayar da kumburi a jiki cikin wannan lokaci, tunaninsu ya lalace da saurin da ya ninka na sauran sau 2.

Ga abin da wannan ke nufi a gida. Ciwon mantuwa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Idan tsoho ya ruɗe farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, yana sambatu, ko ya kasa gane mutane, ko barci ya yi masa yawa, kada ku ce tsufa ne ya ƙaru. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon huhu, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, musamman a lokacin bazara. Tsoho yana iya ɗauke da ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Ku kai shi gidan likita a ranar. Irin wannan ruɗewa tana warkewa idan an magance dalilinta da wuri.

A ƙasarmu mun san wani kumburi mai gaggawa, wato sanƙarau, wanda ke kama fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ba ciwon mantuwa ba ne, amma ya nuna a fili abin da kumburi ke iya yi wa jijiya cikin ƴan kwanaki: a cewar OMS, mutum 1 cikin 5 na waɗanda suka tashi daga sanƙarau mai tsanani yakan saura da lahani, kamar kurumta, farfaɗiya ko raunin tunani. Nijar tana cikin ƙasashe uku na farko da aka yi gangamin sabuwar allurar rigakafinsa a 2010, tare da Mali da Burkina Faso. Ƙwayar cutar sida ita ma takan shiga cikin ƴan sintiri ta zauna, kuma kafin a samu magungunanta masu ƙarfi a 1996 takan jawo mantuwa ga matasa da yawa. Shan maganin kullum yana kare ƙwaƙwalwa.

To, a sha maganin kumburi mana?

A'a. Nan ne ake bukatar hattara. Magunguna irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ƴan talla ke yawo da su a kasuwa da tasha, suna rage kumburin gwiwa da ciwon baya. Masana ma sun yi zaton irinsu za su hana ciwon mantuwa. A 2001 aka fara babban gwaji a Amurka, aka ba tsofaffi fiye da 2000 ko dai irin waɗannan magunguna ko ƙwayar da ba ta da magani a ciki. A ƙarshen 2004 aka dakatar da shi saboda tsoron illa ga zuciya, kuma da aka ci gaba da bin mutanen ba a ga maganin ya kare su daga mantuwa ba. Dalilin yana cikin abin da kuka karanta a sama: ƙwaƙwalwa ba ta bukatar a kashe ƴan sintirinta, tana bukatar su koma kan aikinsu na shara. Abin da shan waɗannan ƙwayoyi kullum ke jawo wa tsoho shi ne gyambon ciki, zubar jini a hanji, lalacewar ƙoda, da ƙaruwar hawan jini.

A 2023 da 2024 Amurka ta amince da wasu sababbin magunguna biyu na ciwon Alzaima. Suna manne wa amiloyid ne don ƴan sintiri su gane shi su kwashe. Suna rage saurin ciwon kaɗan, ga wanda yake farkonsa kawai, ba su warkarwa, kuma wasu masu karɓar su ƙwaƙwalwarsu takan kumbura ko ta yi ɗigon jini. Kuɗin ɗaya daga cikinsu da aka sanar a 2023 ya kai dala 26,500 a shekara, wajen miliyan 15 na sefa. Duk wanda ya zo muku da kwalba ko ƙulli ya ce yana warkar da mantuwar tsufa, kuɗinku yake so.

Abin da ke hannunku

A 2024 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ya ce suna da hannu a wajen kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa a duniya. Da yawansu ta hanyar jini da kumburi suke ɓarna. Hawan jini da ciwon sukari suna lalata ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa, bangon tsaro ya soma yoyo, abin da bai kamata ya shiga ba ya shiga ya tayar da ƴan sintiri. Hawan jini ba ya ciwo, sai an auna ake sani. In kun wuce shekara 40, ku riƙa neman a auna ku, ku rage gishiri da dunƙulen miya, kuma wanda aka ɗora kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Taba da giya da ƙiba mai yawa da rashin motsa jiki duk suna cikin lissafin. Haka ma gurɓatacciyar iska, don haka girki a wuri mai iska ya fi girki a ɗaki rufe da hayaƙi. Buguwa a kai ma tana ciki, domin bayan mummunan rauni ƴan sintiri sukan zauna a fusace shekaru da yawa. Mai hawan babur, ko ɗan kabu-kabu ne ko fasinja, hular kwano ba ado ba ce.

Sauran abubuwan sun shafi yadda ake amfani da ƙwaƙwalwa: kurumta da raunin gani da ba a magance ba, kaɗaici, ciwon damuwa, da ƙarancin karatu. Mai mahaɗai da yawa kamar mai rumbu biyu ne, ko an yi ɓarna yana da saura. A 2019 aka wallafa wani bincike na birnin Niyok a kan tsofaffi kusan 1000 waɗanda ba su wuce shekara 4 a makaranta ba. Waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba sun ninka waɗanda suka iya sau 2 wajen kamuwa da ciwon mantuwa. Tsohuwar da yanar ido ta rufe mata gani a kai ta a cire. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi kada a bar shi shi kaɗai a zaure, a matso kusa a yi masa magana a fili.

Idan kuwa mantuwar ta riga ta fara, har yanzu zuwa gidan likita yana da amfani. Akwai cututtukan da ke kama da ita alhali suna da magani, kamar ciwon maƙoƙo, ƙarancin wasu sinadaran abinci, da ciwon damuwa. Ku tafi da wanda ke zaune tare da mara lafiyar, domin shi zai faɗi lokacin da abin ya fara da yadda yake sauyawa. Ku kuma ɗauki dukkan magungunan da yake sha, na likita da na gargajiya, ku nuna wa ma'aikacin lafiya.